Abin da Sanƙarau Ya Bar wa Mai Gyaran Rediyo

Maigidana sunansa Ɗahiru, amma a kasuwar Ƙaura Namoda sai an ce Ɗahiru mai rediyo ake gane shi. Ni Malam nake ce masa. Sunana Kulu, 'yar Zurmi ce ni, aure ya kawo ni Ƙaura a shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Ina rubuta wannan ne saboda matan da za su tsinci kansu inda na tsinci kaina, don akwai abubuwan da da an gaya mini su da wuri, da mun huta da wahalar watanni.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar bazara. Malam ya dawo daga shago kafin la'asar, abin da bai saba ba, ya ce kansa kamar ana sara da gatari. Mun ɗauka zafin rana ne. Na jiƙa masa tsamiya, na aika aka sayo ƙwayar zazzaɓi a kemis. Washegari ya tashi da amai, ga shi ba ya son haske, ya ce in rufe taga. Da na tallabo kansa don ya sha koko sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba. Wuyan ya ƙage kamar itace. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo, ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Kulu, wanga sanƙarau na. Ku tahi asibiti yanzu, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe." Allah ya jiƙan tsohuwar nan. Likita ya ce da mun ƙara yini guda a gida, da gawa za mu kawo.

Asibitin ya cika har ya batse. Mu a gindin dogon yaro muka sami wuri, an rataya ledar ƙarin ruwa a reshe. Suka lanƙwasa shi, suka ɗebi ruwa a ƙashin bayansa, ruwan ya fito fari-fari kamar na wankin shinkafa. Aka yi masa wata allura mai kauri kamar mai. Satin farko bai san wanda ke kansa ba. Yayansa Lawali, manomi ne a Badarawa wajen Shinkafi, ya zo da buhun gero da tabarma, muka riƙa karɓa-karɓa. Akwai wata nas da ba zan manta ba, ita ke zagayowa gindin itatuwa tana juya marasa lafiya da hannunta. Akwai kuma wanda in ka tambaye shi abu sai ya yi kamar bango ka tambaya. Magani kuwa rabi a asibiti, rabi a rubuta maka ka nemo a waje. Tunkiyata da 'yan kunnen aurena a nan suka tafi, ban kuma yi da-na-sani ba.

A sati na biyu ya farfaɗo. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam, sannu. Allah ya tashi kafaɗunka."

Ya zuba wa bakina ido. Ya ce, "Mi kike cewa? Ɗaga murya."

Na ɗaga murya har na gindin itacen kusa da mu suka waiwayo. Ya girgiza kai. Ma'aikatan suka ce ƙarfin allura ne, kunnen zai buɗe. Aka sallame mu yana tafiya yana tangaɗi, sai an riƙe shi.

Daga nan aka shiga shawarar dangi. Inna, mahaifiyarsa, ta zo da man shanu, a ɗumama a ɗiga. Wata ta ce ruwan albasa. Wanzami ya yi ƙaho a bayan kunne. Rubutu da addu'a kam ba mu fasa ba, su ne ma suka riƙe mini zuciya. Abin da har yau nake jin ciwonsa shi ne ranar da aka kai shi kasuwar Shinkafi wurin wani mai cire ƙwaro a kunne. Mutumin ya zura masa tsinke, ya nuna wani baƙin abu a tafin hannu ya ce ga shi ya fito. Kunnen ya yi jini, ya yi ruwa, muka koma asibiti jinyar abin da muka jawo da kanmu. Duk mai karanta wannan, don Allah kada ki bari a zura wa majinyacinki komai a kunne.

Da damina ta kama muka tafi babban asibiti a Sakkwato. Bayan dogon layi, likita ya sa masa wani abu a kunnuwa irin na masu sauraron kaset, aka rubuta masa cewa in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ina zaune ina kallon hannun nan a kan gwiwarsa. Bai ɗaga ba. Likitan ya ce, "Jijiyar ji ta mutu, duka biyu. Na'urar kunne ƙara sauti take yi, ba ta tayar da jijiyar da ta mutu." Na ce, "To likita, yanzu mi za mu yi? Da kunne yake cin abinci." Ya ce sai haƙuri, ya kira na gaba. Ban zarge shi ba, mutane ne cike a ƙofarsa. Amma daga Ƙaura har Sakkwato babu wanda ya yi mana maganar yadda mutumin da aka ceto ransa zai koma neman abinci.

A gida muka koyi magana sabuwa. Na yi firamare a Zurmi, don haka in magana ta yi tsawo sai in rubuta masa a ƙasa da tsinke. Gajeriya kuwa ya fara karanta ta a leɓena. Ya sake buɗe shago, amma rediyon da ya gyara yau gobe ake dawo da ita. Muryarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci ihu, wani lokaci raɗa, yara suna dariya. Wasu manya ma suka fara yi masa magana kamar wanda hankalinsa ya taɓu.

Da kaka aka shiga zancen ƙaddamar da Shari'a. Ban taɓa ganin lokacin da ake neman rediyo kamar wannan ba. Kowace rumfa mutane sun yi da'ira an sa ta a tsakiya, wanda tasa ta lalace yana neman mai gyara ido rufe. Malam yana zaune a shagonsa yana kallon masu rediyo suna wuce shi zuwa rumfar wani. Ya dawo gida ya ce in rubuta masa abin da ake faɗa. Ina cikin rubutawa ya ce, "Bari, Kulu." Ya rufe shago, ya daina fita sai masallaci. Lawali ya ce a sayar da shagon a koma Badarawa, ko ba komai akwai gona, kuma a kai sunansa wurin masu rabon zakka.

A gidan suna na ji labarin da ya kamata in ji tun a asibiti. Wata mata da mijinta ya rasa ƙafa a hatsarin mota ta ce akwai wani jami'i daga ofishin jin daɗin jama'a na Gusau da ke zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, yana duba masu naƙasa ya ga aikin da kowa zai iya, sannan a tura mutum koyon sana'a. Mun je sau biyu ba mu same shi ba, an ce babu man mota. A na uku muka dace.

Kafin mu shiga, Lawali ya ja ni gefe. Ya ce, "Rubuta mishi, ki ce shi nuna ba shi iya komi. Wanda yaf fi nuna gajiya shi aka taimako." Na duƙa na rubuta a ƙasa. Malam ya karanta, ya sa ƙafa ya share. Shi niyyarsa daban: ya nuna musu babu abin da ya rasa, su ba shi kayan aiki ya koma kan rediyonsa.

Jami'in sunansa Malam Sanusi, siriri ne, ba ya gaggawa. Yana da ɗan allo baƙi da alli. Abin da ya fara rubuta wa Malam shi ne: "Wannan ba jarrabawa ba ce. Babu ci, babu faɗuwa. Ina son mu gano abin da ciwo ya ɗauka da abin da ya bari." Sannan ya rubuta tambaya, tun yaushe yake gyaran rediyo. Kafin Malam ya gama karantawa na riga na amsa. Ya sake tambaya, na sake amsawa. Sai ya ajiye allin ya ce, "Malama, kunnensa ne ya mutu ko bakinsa?"

Na ce kunne ne.

Ya ce, "To ki bari shi amsa. In ya yi jinkiri mu jira shi. Ranar da ba ki kusa, wa zai amsa mishi?"

Raina ya ɓaci. Ni da na kwana gindin itace, ni za a ce in yi shiru? Amma na koma kan benci na kame bakina. Sai ga Malam yana ba da labarin yadda ya koyi aiki wurin wani Bayarabe kusa da tashar jirgin ƙasa, yana ta zuba, maganar da rabon in ji ya yi mai tsawonta tun kafin ciwo.

Daga nan aka shiga gwaji. Malam Sanusi ya ja layi a ƙasa ya ce ya bi shi ƙafa gaban ƙafa. Ya bi, da ɗan karkacewa. Ya ce ya tsaya ya haɗe ƙafafu ya rufe ido. Yana rufewa ya tafi luu, jami'in ya tare shi, don dama a shirye yake. Ya bayyana mana cewa abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne yake, ciwon ya taɓa shi, yanzu da ido Malam yake riƙe kansa. Don haka ba hawan tsani, ba hawan bene don ɗaura eriya, ba tafiya cikin duhu babu tocila, ba keke tukuna. Ya zube masa ƙananan kusoshi a faranti ya ce ya ware su. Ya ba shi siririyar waya ya zura a ƙaramar kafa. Ya sa shi ɗaukar bokitin ruwa zuwa ƙofa da dawowa. Ya yi masa magana ba sauti don ya ga iya abin da yake kamawa a leɓe. Duk abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, sai ya rubuta a allon ya nuna wa Malam kafin ya gaya mana. A ƙarshe ya ce ofis ba ya nuna gaskiyar aiki, zai zo shago ya gan shi a wurinsa.

Ya cika alkawari ranar kasuwa. Ya ce Malam ya wuce gaba shi kaɗai daga gida, mu muna binsa a baya, ni kuma kada in riƙe masa hannu. Kusa da tasha wani ɗan kabu-kabu ya taho ta bayansa yana ta danna oda, ya kauce masa da ƙyar yana zagi. Malam bai ma san an yi ba. Malam Sanusi ya ce daga yau ya riƙa bin gefen da zai fuskanci abin hawa, kada ya ba titi baya.

A shago ƙura ta rufe komai. Jami'in ya nuna wata rediyo a kan kanta, ya ce a gyara. Na ga fuskar Malam ta sake. Ya kwance ta, ya sa mita yana bin wayoyi, ya gano abin da ya ƙone, ya cire ya sa wani, ya ɗiga darma. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Maƙwabtan rumfa suka taru a ƙofa. Ya sa batir, ya murɗa, ya ɗora yatsunsa a kan lasifikar. Da ya ji tana motsi sai ya yi murmushi.

Rediyon tana ƙara, amma ba magana ke fita ba. Wani ƙarar-ƙarar ne kamar ana suyar gyaɗa, muryar mai labarai tana can ƙasa ba a gane ko kalma ɗaya.

Malam Sanusi ya rubuta: "Ta gyaru?"

Malam ya ce da ƙarfi, "Ta gyaru!"

Lawali ya sunkuyar da kai. Jami'in ya share allon, ya rubuta masa ainihin abin da muke ji, bai rage ba bai ƙara ba, ya kuma karkata allon yadda na ƙofa ba za su gani ba. Malam ya karanta. Bai dubi jami'in ba, ni ya duba. Ya ce, "Kulu, gaskiya na?"

Wata da watanni ina ɓoye masa ƙorafin masu rediyo don kada ransa ya ɓaci. A ranar nan na ɗaga masa kai alamar eh.

Ya kashe rediyon. Ya zauna, hannuwansa a kan benci. Malam Sanusi ya sallami mutanen ƙofa, ya bar shi ya huce. Can ya rubuta masa cewa akwai hanya biyu. Zai iya ci gaba da rediyo in ya sami wanda zai riƙa saurara masa, don aikin hannunsa da na mita babu aibu. Ko kuma ya koma ga abin da ido da hannu ke shaida gyaruwarsa.

Malam ya ce, "Ba ni son sana'ar da sai na ari kunnen wani."

Jami'in ya duba shagon, ya ga wata fanka da wuta ta ƙona an jingine a lungu. Ya tambaye shi ko ya taɓa naɗin koyil, wato sake naɗa wayar jan ƙarfe a cikin fanka ko injin da ya ƙone. Malam ya ce ya taɓa gani, bai ƙware ba. Aka kwance fankar, jami'in ya ba shi waya ya ce ya gwada, shi kuma ya zauna yana kallon yadda yake jera ta, da ko hankalinsa zai rabu, da ko jiri zai kama shi in ya daɗe a duƙe. Kasuwa tana ta hayaniya, Malam ko ɗagowa bai yi ba. Da la'asar Malam Sanusi ya ce wa Lawali, "Ɗan'uwanka ba na zaman gida ba ne, ba kuma na jiran zakka ba. Noma ma da rana tsaka da wannan jirin, ban ba shi shawara ba. Hannu da ido da haƙurin aiki duk suna nan."

Lawali ya ce, "Ni dai tsoro nike ji kada a wahal da shi banza." Ya faɗi haka ne da ƙauna, na sani. Shi ne ma ya raka Malam Gusau wurin koyon sana'a.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Sunansa ya daɗe bai fito cikin waɗanda za a tura ba, har sai da muka fara cire rai. A wurin koyon sana'ar mutane da yawa ke rabon kayan aiki kaɗan, abinci sai dai a ce an ci, malamin kuma yakan juya baya yana bayani ya manta akwai kurma a ajin, sai da Malam ya yi ta tuna masa. Kayan sallamar da aka yi alkawari rabi suka zo. Ni kuma a gida na riƙe mu da ƙuli-ƙuli da taimakon Inna. Amma bayan 'yan watanni ya dawo da sana'a a hannunsa, ya kuma dawo da maganar hannu da ya koya wurin wasu kurame, ya koya mini.

Malam Sanusi ya sake zuwa sau ɗaya bayan an buɗe shago. Ya sa aka juya bencin ya fuskanci ƙofa, aka ɗaura madubin mota a gefe don Malam ya ga mai zuwa ta baya. Ya ce mu yi alama tsakaninmu: in muryarsa ta yi sama, a sauke tafin hannu ƙasa a hankali, ba tare da an kunyata shi ba. Maƙwabtan rumfa duk sun koyi alamar. Daga nan aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, ba mu sake ganinsa ba. Ina yi masa addu'a duk inda yake.

Wutar Ƙaura ba ta da tabbas, in ta zo da ƙarfi sai ta ƙona fankoki unguwa guda, don haka aiki bai yanke ba. Masu injin niƙa na lantarki daga Zurmi da Shinkafi suna kawo masa. In ya gama naɗi ya kunna, yakan ɗora tafin hannu a jikin injin, daga rawarsa da ɗuminsa ya san ko ya zauna. Wannan kam ba ya buƙatar ya tambaye ni.

Abin da nake son a ɗauka a labarinmu kaɗan ne. Ciwon kai mai tsanani da ƙagewar wuya a lokacin zafi, a tafi asibiti a ranar. In an yi kiran rigakafi, a je. In kuma ciwo ya tafi da wani abu a jikin mutum, kada dangi su yanke masa hukunci a tsakar gida, ko su ce ya gama yawo, ko su ce babu abin da ya same shi. A nemi wanda ya san aikin ya gwada shi, a gabansa, a gaya masa gaskiya ko da za ta yi zafi. Mu mun fi wata shida muna kewaya wannan gaskiyar, kowa yana tausayin kowa.

Kunnen bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. Akwai ranakun da yake tashi ba ya son ganin kowa, na koyi in ƙyale shi. 'Yarmu ta biyu bayan ciwon aka haife ta, bai taɓa jin muryarta ba. Wata safiya yana shan koko ya ce mini shi fa a mafarki yana ji garau, yana jin kiran salla, yana jin jirgin ƙasa, yana jin muryata. Na tsaya da ludayi a hannu. Na matso inda zai ga bakina na ce, "Mi nike cewa a mafarkin?"

Ya ce, "Faɗa kike yi, kamar kullum."

Ya yi dariya da ƙarfi har maƙwabta suka ji, ni kuma ban sauke masa hannu ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi shago.